Faranti Mai Jan Tef

Jama'a, yau kam ku yi mini haƙuri, ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba. Raina a ɓace yake, kuma in ban amayar da abin da ke cikina ba wallahi zan iya fashewa. Masu turo mini saƙo kullum kuna "Auta, an sa rana?" ku gyara zama ku ji. Ku kuma da yau ne kuka fara karanta ni, bari in gabatar da kaina a gurguje.

Ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa ke ce mini, har Farfesar da ke duba aikina ta ɗauka. Ina digiri na biyu, bincikena a kan naman kaza ne, wannan farin abu mai kama da laima da ake nomawa a ci. Na daɗe ina sanye da farar riga ina leƙen farantan gwaji da muke renon irin naman kaza a ciki, har Mama ta ce 'ya'yan ƙawayenta kowacce ta kai wa uwarta katin biki, ni kuwa abin da nake kawo mata gida shi ne funfuna a roba. Baba ne ya tsaya mini. Ya ce a ƙyale ni in gama, amma ina ajiye alƙalami sai maganar aure. Ban yi musu ba, don ni ma ina da wanda nake so.

Manomi. Haka na sa shi a waya, haka kuma gidanmu suka laƙaba masa. Yana da gonar naman kaza a bayan gari, ɗakuna ne masu sanyi cike da ledojin garin katako a rataye. A wani baje kolin aikin gona muka haɗu, ina tsaye gaban allon bincikenmu ina ta bayani babu mai saurare, sai ga dogon mutum da shuɗiyar riga ya naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu, ya tsaya ya yi mini tambayoyi har muryata ta dushe. Ku da kuka san yadda ake ji idan kin ce "naman kaza nake karanta" samari su kwashe da dariya, za ku gane abin da ya sa zuciyata ta narke a wajen. Mutum na farko ke nan da ya saurare ni har ƙarshe.

To, dole in ɗan yi muku karatu, in ba haka ba ba za ku gane inda gizo ke saƙa ba. Kar ku gudu, kaɗan ne. Kowace ƙwayar halitta ta naman kaza tana da cibiya, a nan babban DNA yake, wato gadon da ke tsara yadda abu zai fito. Ban da cibiyar akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira maitokondiriya, su ke ba ƙwayar ƙarfi, kuma suna riƙe da nasu guntun DNA daban. A cikin wannan guntun nake farautar ƙwayar gado guda ɗaya, mai ƙera folimares, abin da aikinsa shi ne kwafar DNA. A duk irin da na duba, ko dai babu ita sam, ko kuma a kakkarye take, guntu nan guntu can. Amma a irin da Farfesa ta yi shekara da shekaru tana reno, wanda zafi ba ya kashe shi, cikakkiya take daga kai har wutsiya. A kan wannan na ɗora aikina gaba ɗaya.

Irin nan Farfesa ba ta wasa da shi. Ba a sake shi ga manoma ba tukuna, ana kan gwaji, kuma sau ɗaya tak ya taɓa barin ɗakin bincike. Bara ne, lokacin da babban firijinmu ya mutu, ta rarraba mana faranti kowa ya kai gida ya adana kafin a gyara. Ni ta danƙa wa nata na musamman, faranti uku, kowanne da jan tef a baki. Na sa su a firijin Mama, can sama bayan kwalbar madara. Kai, na sha magana! Kullum sai ta ce na mayar mata da firiji asibiti. Daga baya ɗaya daga cikin ukun ya yi koren funfuna, na jefar da shi ko buɗewa ban yi ba, na hau Mama da faɗa cewa ragowar abincin da take cusawa ne ya jawo. Ta yi fushi kwana biyu, biyun da suka rage na mayar lafiya, magana ta wuce.

Yanzu da na zo ƙarshen aiki, sai Farfesa ta ce in tattaro irin manoma daban-daban in gwada, don mu nuna cewa namu ne kaɗai ke da cikakkiyar ƙwayar. Wa zan fara tunawa in ba Manomi ba? Yana da wani sabon iri da yake alfahari da shi, ya ce da hannunsa ya haɗa, kuma shi ne ya buɗe masa kasuwa. Da na roƙe shi ya ɗan yi jim, sannan ya yi dariya ya ce, "Ɗauki mana, ai nawa ne, babu mai irinsa."

Ni kuwa har da murnata, zan sa sunan gonarsa a cikin kundin bincikena. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ranar Alhamis da safe na yi gwajin. Akwai wani ɗan faifai mai santsi da muke kira jel, in aka zuba samfur aka haska, duk irin da ke da cikakkiyar ƙwayar zai nuna wani layi mai haske a wuri ɗaya. Namu ya nuna, daidai. Na sauran manoma wayam, daidai. Na Manomi kuwa, layi ne ɓaro-ɓaro, kafaɗa da kafaɗa da namu.

Na ce, "A'a, hannuna ne ya zame."

Na tuɓe safar hannu, na goge bencin aiki, na buɗe sababbin sinadarai. Na fita da kaina zuwa kantin da ke sayar da kayansa, na sayi leda ɗaya mai tambarin gonarsa, na dawo na sake daga farko. Layin nan ya sake fitowa kamar yana mini gwalo. Aka karanta jerin DNA ɗin a na'ura, ya zo daidai da namu, ko harafi ɗaya bai kauce ba. Sai na zauna a kan kujerar benci ina kallon kwamfuta kamar wata sokuwa.

Ban ma kai ga rufe shafin ba na ji ƙamshin turaren Farfesa a bayana. Gajeriyar mace ce, tabarau a rataye da zare, ba ta ɗaga murya, kuma shi ya sa muke tsoronta. Ta ɗora tabarau ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan na wace gona ne?"

Na faɗa mata.

"Ba shi ne mai aiko miki da kwandon naman kaza ba? Wanda za ki aura?"

"Shi ne, Farfesa."

"Biyo ni ofis."

Ta rufe ƙofa, ta zauna, ba ta ce in zauna ba. "Auta, irin nan sau ɗaya ya fita daga hannuna, kuma hannunki ya shiga. Yau ga shi a kanti, a ledar wanda zai aure ki. In ke ce a kujerata me za ki ce?"

"Wallahi tallahi Farfesa ban ba shi ba."

"Ban ce kin ba shi ba. Amma kwamiti ba zai tsaya sauraron rantsuwa ba. In na kai musu wannan a haka, za su dakatar da aikinki, su kore ki, kuma babu ɗakin binciken da zai sake ba ki makulli. Na ba ki zuwa Litinin. Ki zo mini da yadda aka yi ya fita."

Na fito ina haɗa hanya. Duk wahalar da na sha, duk bikin ƙawayen da na ƙi zuwa, duk gorin da na haɗiye, a ce ya tashi a banza saboda layi ɗaya a jel? Ga shi kuma ana wata ga wata, domin ranar Asabar ɗin nan kawunnan Manomi za su zo gidanmu a tsayar da rana.

Na isa gida na tarar an juya falo. Sababbin labule masu ruwan zuma, an wanke kafet an shanya a kan igiya, Baba a tsaye kan kujera yana canza ƙwan fitila Mama na ba shi umarni daga ƙasa. Tana ganina ta ɗago wata leda.

"Yauwa, tela ya kawo. Zo ki gwada mu gani."

Doguwar riga ce koriya shar, an yi mata aikin zare mai ruwan azurfa a wuya da bakin hannu, da gyale marar nauyi. Da a ce jiya ne da na yi tsalle. Na sa, na tsaya gaban madubi kamar gunki.

"Ke kuma lafiya? Fuska kamar an aiko miki da mutuwa. Murmushi mana, ko a nan ma sai an yi gwaji?"

"Kaina ke ciwo, Mama."

"Ai dole. Mutum ya wuni yana shaƙar funfuna. Allah dai ya kai mu jibi, in huta da bakin mutane. Goggonki har cewa ta yi wai ko aljani ne ya aure ki a makarantar."

Na shige ɗaki na kulle, na ɗauko waya na tura wa Manomi saƙo.

"Ina son ganinka. Yau."

"Ranki ya daɗe amarya. Yau ina raba kaya, gobe ma haka. Kewa ce?"

"Maganar irinka ce. Na gwada."

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Can sai ga shi: "Ma yi magana. Ki huta."

Ki huta! Ranar Juma'a na kira shi har wayata ta yi zafi, bai ɗauka ba. Da yamma ya turo hoton takalmin da zai sa, wai in zaɓa masa baƙi ko ruwan ƙasa. Jama'a, ku gaya mini, ni ce ban da hankali ko shi ne ya raina ni? Duk da haka zuciyar nan tawa mara kunya sai kare shi take yi. Ta ce wataƙila wani ya sayar masa bai sani ba. Ta ce wataƙila wani ɗalibi ne ya sata. Na ce to, ruwa dai ba ya tsami banza.

Asabar da sassafe na zura baƙar doguwar riga da takalmin roba, na ce wa Mama zan je in dawo yanzu. Ta biyo ni har ƙofa da ludayi a hannu.

"Yau? Yau ɗin nan? Wallahi Auta in kika kunyata ni a gaban mutane sai na saɓa miki."

Na same shi a ɗaki na biyu, cikin hazo, yana fesa ruwa a jikin ledoji. Naman kaza ya fito fari tas, tsibi-tsibi, sai ƙamshin jiƙaƙƙen katako. Ya yi aski, ya gyara gemu, ya yi kyau, abin haushi. Yana ganina ya kashe famfo.

"Haba, amarya a gona ranar da..."

Na miƙa masa wayata da hoton jel ɗin. "Wannan layin namu ne. Wannan naka ne. Yi mini bayani."

Ya kalla, ya ɗaga kafaɗa. "Ni me na sani a layukanku? Naman kaza ai duk dangin juna ne."

"Ba a wannan ba. Na karanta shi harafi bayan harafi."

"To na'urarku ce ta yi kuskure."

"Sau biyu? Da ledar da na saya a kanti?"

Ya goge hannu da tawul, ya fara hawa. "Ki daina yi mini kallon ɓarawo. Irin nan nawa ne. Wata nawa na yi ina fama da shi? Na haɗa shi da nawa na asali, na zaɓa, na sake zaɓa. Abin da aka haɗa ai ya zama wani abu daban, ba za a ce na wani ba ne."

Na zuba masa ido. Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

"Ka haɗa naka da na wa?"

Ya kawar da kai. Sai ruwa ke ɗiga daga ledoji.

Wani abu ya taso mini, rabi kuka rabi dariya. Na ce, "A faranti ɗaya ka sa su, naka a gefe, namu a gefe, suka yi girma suka haɗu a tsakiya. Ko ba haka ba?"

Ya gyaɗa kai.

"Daga wane gefe ka yanka?"

"Gefen da ya fi kauri."

"Gefen namu ke nan." Na dafe kai. "Na taɓa gaya maka, a motarka, kana cin gyaɗa kana cewa in ci gaba muryata na maka daɗi. In iri biyu suka haɗu, cibiya ce kawai ke ƙetarawa. Maitokondiriya ba sa zuwa ko'ina, kowanne yana nan a gefensa. Ka yanko gefenmu, ka kwaso namu gaba ɗaya, kana ganin ka wanke sawu. Da ka yanki ɗaya gefen da har abada ba zan gani a wannan gwajin ba."

Wallahi sai da na ga nadama a idonsa, amma ban sani ba ko ta abin da ya yi ce, ko ta gefen da ya yanka.

"A ina ka samu?"

Ya sauke murya, irin muryar nan da ke narkar da ni. "Auta, kar ki ɗauki abin da zafi. Mama ce ta ba ni. Wata rana na zo tana ta mita kin cika mata firiji, ta ce in ina so in ɗiba, ita ta gaji. Na ɗan yanki kaɗan, ko ƙwayar wake bai kai ba. Ban ɗauka wani abu ba ne. Na ƙi gaya miki ne don kar ku yi rigima."

Mama! Na ji kaina ya sara. Ashe koren funfunan nan ba daga ragowar abinci ba ne, buɗe farantin aka yi.

"Ka san za a kore ni?"

"Ba za a kore ki ba." Ya matso. "Ji nan. Ki ce samfur ne ya gauraye a hannunki. Yana faruwa ai, ke kika gaya mini. Ki cire gonata daga jerin, shi ke nan. Za ta ɗan yi miki faɗa ta ƙyale ki."

"In ce ni ce ban iya aiki ba."

"Na kwana biyu ne. In kuwa kika faɗi gaskiya, sunan Mama zai shiga, nawa zai shiga, a rufe gonar nan. Gonar nan kuma taki ce, da ita zan riƙe ki. Ki yi tunani. Iyalinmu ko layi ɗaya?"

Kun ji fa. Shi ya ɗebo da zafi, ni ce zan buɗe baki. Na juya na kama hanya. Yana biyo ni yana "Auta, sai mun zo, ki saki ranki, don Allah kar ki tayar wa Mama hankali yau."

A motar haya na yi kuka har mai kusa da ni ta miƙo mini hankici. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na fara lissafin yadda zan faɗi ƙaryar. Eh, na fara. Uwata ce fa. Yaya zan tsaya gaban kwamiti in ce mahaifiyata ce ta yi kyauta da aikin shekarun Farfesa don ta samu wurin ajiye madara? Gara a ce mini sakarya.

Na shigo gida rana ta take. Ƙamshi ya cika ko'ina, an jera kofuna masu bakin zinariya da ba a fito da su sai da dalili, Baba yana ɗaki yana fama da maɓallin wuya. Mama na kicin, ta ci ado da shuɗin leshi ta ɗaura zani a kansa don kar ya ɓaci, tana yanka lemo. Ta kalli ƙafata.

"Dubi takalminki! Gona kika je? Ke wai wace irin yarinya ce? Maza ki yi wanka, sun ce sun taso."

Na yi niyyar in yi shiru, Allah ya sani. Amma idona ya faɗa kan firijin nan, sai bakina ya kufce.

"Mama, me ya sa kika ba shi?"

"Na ba wa me?"

"Farantina. Na bara. In kin gaji da su ai sai ki gaya mini in kwashe, ba ki yi kyauta da su ba. Yanzu ga shi za a kore ni daga makaranta."

Ta ajiye wuƙa. "Kyauta? Ni? Ke, kar ki ɗora mini jakar tsaba. Ni da ko taɓa abin nan ƙyama nake? Ba ke kika aiko shi ba?"

"Na aiko shi?"

"Ƙwarai kuwa. Ya ce kin ce ya zo ya ɗibar miki kaɗan, kina buƙata a makaranta. Har ya ce mini, Mama, ba kowanne ba, mai jan tef. Ni na ɗauko masa da hannuna. Ya zauna a nan, a kan teburin nan, ya fito da 'yar wuƙarsa da kwalba daga aljihu, ya ce in kunna masa risho ya gasa bakinta. Na tsaya ina sha'awar tsaftarsa, na ce kai, wannan yaro da natsuwa yake."

Da wuƙarsa da kwalbarsa a aljihu. Na riƙe bakin teburi.

"Yaushe ne wannan, Mama?"

"Ah ah, kin manta? Ranar da ya fara zuwa gidan nan mana. Da kika dawo kika same shi a falo da Babanki suna shan shayi."

Ban manta ba. Yaya zan manta? Bayan baje kolin nan ne da 'yan kwanaki. Mun yi waya, na ba shi labarin firijinmu da ya mutu, ina ta fankama cewa ni Farfesa ta yarda da ni ta ba ni masu jan tef. Na gaya masa sai yamma nake tashi. Ya zo da rana. Da na dawo ya miƙe ya ce, "Na yi saɓanin lokaci, amma da in tafi ban gan ki ba gara in jira har gobe." Wannan maganar na kwana ina juya ta a raina. Na ba ku labarinta a nan, kuna ta turo mini alamar zuciya. Ashe a lokacin kwalbar na aljihunsa.

Mama ta leƙa fuskata, sai na ga jikinta ya yi sanyi. "Auta, ba ke kika aiko shi ba?"

"Ban aiko shi ba, Mama. Yau da safe ya ce mini ke kika ce ya ɗiba, don kin gaji da su."

"Ni?" Ta dafe ƙirji. "Ni ya ce? Yaron da nake zuba wa abinci da hannuna?" Ta zauna a kan kujerar kicin, lemon ya gangara ƙasa babu wanda ya ɗauka. Can ta ce a hankali, "Kuma na bari kika yi mini faɗa a kan funfuna, har na yi fushi."

Wayata ta yi ƙara. Manomi ne.

"Mun shigo layinku. Kin yi tunanin? Ki sa koriyar nan, ina son in ga matata."

Na kalli saƙon har haruffan suka fara rawa. Ina sonsa, jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, ko a lokacin ina sonsa, kuma shi ne abin da ya fi komai ba ni takaici. Wataƙila daga baya ya so ni da gaske. Wataƙila. Amma ba ni ya fara zuwa nema a gidan nan ba, kuma da wuta ta taso uwata ya tura gaba, sannan ni.

Na fita daga shafinsa, na buɗe na Farfesa. Na rubuta: "Farfesa, na san yadda irin ya fita. Samfurina bai gauraye ba, gwajina daidai ne. Zan zo Litinin da shaida." Na tura kafin zuciyata ta ba ni wata shawara.

Aka yi hon a waje. Baba ya leƙo kicin yana gyara hula, fuska cike da fara'a. "Sun iso fa. Ah, Auta, ba ki shirya ba? Ke kuma me ya same ki kika zauna?"

Mama ta miƙe. Matar da ta shekara tana ƙirga ranar nan, wadda ta canza labule, wadda ta gayyaci Goggo don ta rufe mata baki. Ta kwance zanin da ta ɗaura a kan leshinta, ta ninke shi ta ajiye a kan firiji. Ta kalle ni sama da ƙasa, da baƙar rigata da takalmin roba mai laka.

"Kar ki canza kaya," ta ce. "Litinin kuma tare za mu je wajen malamar taki, ni ce shaidar."

Ta juya ga Baba. "Ka shigo da su, ka ba su wuri. Amma kar a kai shayi tukuna. Ka ce wa yaron ya zo nan kicin shi kaɗai, ya zauna a kujerar da ya zauna ran nan, ya maimaita a gabana wanda ya ba shi."